Ruwan tohon tuffar daji: abin da na gani bayan kwalba ta ƙare

Ga masu saurin karatu: ya ɗan taimaka min, amma bai kai yadda ake kambama shi ba.

Ina zaune a Beljiyam, inda kantunan magungunan itatuwa ke cike da irin waɗannan ƙananan kwalabe. Ba mamaki, domin likitan da ya assasa magani da tohon itatuwa a tsakiyar ƙarni na 20, Pol Henry, ɗan ƙasar ne. Ana tsinke tohon tuffar daji tun bai buɗe ba, a jiƙa shi makonni cikin ruwa da giliserin da barasa, a tace. Masu sayarwa na cewa yana rage zafin da ke taso wa mace lokacin ɗaukewar al'ada, yana gyara gudun jini, yana rage kitse a jijiya. Ni zafin da gumin dare ne suka kai ni.

Maganar barasar nan ita ce ta fi tsaya min. 'Yan uwa mata, ku karanta jikin kwalba da kyau, don yawancinsu da ita ake haɗawa. Sai da na zagaya kafin na samu wanda babu. Kuma kada a ɗauka shi ne ruwan furen tuffar daji na likita Edward Bach ɗan Ingila. Wancan daga fure ake yinsa, don damuwar zuciya ake sayar da shi, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Shansa ba wahala, 'yan ɗigo cikin rabin kofin ruwa da safe. Zaƙi-zaƙi ne, ba ɗaci. Da tafiya ta yi tafiya gumin dare ya ragu, barci ya ɗan daidaita. Sai dai a daidai lokacin na rage shan gahawa, sanyi kuma ya shigo, don haka ba zan rantse cewa aikinsa ne ba. Zafin da ke taso min da rana kuwa yana nan daram. Likitata ma ta ce babu ƙwaƙƙwaran gwaji a kan mutane da ya tabbatar da abin da ake faɗa, ta kuma hana ni ajiye maganin hawan jinina saboda shi.

Kwalbar 'yar mitsitsiya ce, kuɗinta kuma ba kaɗan ba. Mai ciki ko mai shayarwa ta fara tambayar likita. Ni dai ba zan sake saye ba sai lokacin zafi ya dawo in gwada shi a bazara.