Jesin Baba na Dilimi bayan kaka guda a jar ƙasa

Na ce ba zan yi magana kan jesin nan ba sai an gama lig ɗin unguwa, to an gama, mun ƙare na huɗu, ga abin da na gani.

Mu dai ƙungiyar unguwa ce, ko NLO, lig ɗin mataki na uku a Najeriya, ba mu leƙa ba balle NNL na mataki na biyu, karo-karo muke yi, mai gyaran waya ya kawo, ɗan acaɓa ya kawo, shi ya sa muka haƙura da na kanti muka tafi wajen wani dattijo mai ɗinki a Dilimi cikin Jos, Baba kowa ke ce masa. Riga 18 da wando muka ba shi, sai na gola biyu.

Ɗinki kam wallahi ba magana. Filinmu ba ciyawa, jar ƙasa ce da tsakuwa, ga 'yan baya masu jan riga kamar ana dambe, ga wanki bayan kowane wasa, amma har yau ko hammata ɗaya ba ta yage ba, yadin kuma da kaurinsa, a sanyin Disamba na Jos mun gode masa, lokacin zafi ne dai yara suka ɗan yi ƙorafi.

Lamba ce ta ba mu kunya. Yaronsa ne ke mannawa da injin zafi, wasa na biyar ta fara ɓarewa, mai 18 ya wayi gari da 8 alhali muna da wani mai 8, rafali ya kusa rubuta wa bawan Allah katin da ba nasa ba. Ga saɓa alkawari, kwana goma ya ce, sai da muka yi sati uku, wasan farko da rigunan aro muka buga.

Kuma in kana sauri kada ka kalli hoton Mighty Jets, tsohuwar ƙungiyar ƙwallo ta Jos, da ke bango. Ni na kalla na ce Baba su wa ke nan, sai da na yi awa guda. Ya ba ni labarin 1972, shekarar da suka ci lig ɗin Najeriya na farko, da yadda Bendel Insurance ta ƙwace musu Challenge Cup a shekarar, an tashi 2-2 a Legas aka sake bugawa a Ibadan suka sha 3-2, yana faɗa kamar jiya aka yi. Su Sam Garba Okoye, su Isma'ila Mabo wanda daga baya ya horar da Super Falcons. Da na ce ai Plateau United ma ta ɗauko mana lig ɗin a 2017 sai ya ce eh, bayan shekara 45, ya ci gaba da taka kekensa.

Bana ma can za mu koma, amma na riga na gaya masa, Baba lambar nan da yadi za a yanka a ɗinka, kuma wata guda kafin a fara za mu kai kuɗi.