Hattara da masu sayar da "ruwan girma" na yabanyar tumatir

Masu renon irin tumatir a cikin ɗaki kafin lokacin dashe, don Allah a yi hattara. Akwai wasu mutane da suka mayar da zaurukan masu lambu na Facebook da WhatsApp wurin farauta. Ba sa talla a fili. Jira suke yi wani ya ɗora hoton tiren yabanyarsa ya ce, "Jama'a ku duba mini, tumatir ɗina ya tsiro amma ya ƙi motsi." Kafin masu shawara ta gaskiya su gama rubutu, saƙo ya riga ya shigo masa ta bayan fage.

Salonsu kusan ɗaya ne. Mutum zai ce shi ƙwararre ne, ya nemi ƙarin hotuna, ya ɗan yi jim, sannan ya dawo da mummunan labari: wai cuta ce ta kama saiwa, in ba a yi maza ba nan da kwana biyu tiren duka zai tafi. Saiwar tana cikin ƙasa fa, amma shi ya hango ta ta waya! Daga nan sai romon baka. Yana da wani ruwa na musamman da ba a samu a kasuwa, ga hoton tsiro kafin a zuba, ga shi bayan an zuba, saura kwalba kaɗan, a fara turo kuɗi. Wasunsu, kuɗin na shiga suke yin layar zana. Waɗanda suka fi iya cuta kuwa suna aiko da kayan, domin sun san za a dawo.

Na riƙe irin kwalbar a hannuna, wata 'yar'uwa ce ta saya. Ƙaramar roba ce, an manna mata takardar da aka buga a gida, tawadar har ta fara zuba inda ruwa ya taɓa. Ga suna da manyan baƙaƙe, ga hoton tumatir jajaye, amma babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar rajista, babu ranar daina aiki. Uwa uba babu lambobin nan uku na N-P-K da takin kirki ke ɗauke da su, masu nuna yawan naitirojin da fosforas da fotasiyam. Ruwan kore shar ne, da wata laka kwance a gindi. An ce mata ta riƙa zuba cikin murfi ɗaya kullum. Ba a daɗe ba gefen ganyen ya bushe ya koma ruwan ƙasa, wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasar. Duk wanda ya taɓa cika wa yabanya taki ya san wannan: gishirin takin ne ya taru, yana janye ruwa daga saiwa maimakon saiwar ta sha. Da ta kai wa mai sayarwar kuka sai ya ce, "Kwantar da hankalinki Hajiya, cutar ce take fita," ya ce akwai kwalba ta biyu mai wanke ta. Da ta nemi ya faɗi abin da ke cikin ta farkon, ya toshe lambarta.

Za ka ga kuma wasu suna rantsuwa cewa ruwan ya yi musu aiki, kuma ba duka ne 'yan amshin shatansa ba. Abin da ke faruwa shi ne, bayan tumatir ya fito da ganyen nan biyu na farko masu santsi, yakan yi kamar ya tsaya cak, alhali aiki yake yi a ƙasa, saiwa yake kafawa. Ganye na ainihi, mai tsaga-tsaga, sai bayan kamar mako ɗaya zuwa biyu yake bayyana. Daidai wannan lokacin hankalin sabon shiga ke tashi, kuma daidai lokacin macucin ke shigowa. Ko an zuba ruwansa ko ba a zuba ba ganyen zai fito, sai yabon ya tafi ga kwalba. In ma takin yuriya aka jiƙa aka sa masa kala, ai kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, tsiron da ke jin yunwa zai yi kore kafin ƙunar ta biyo baya.

Kada kuma tsawo ya ruɗe ka. Akwai sinadarin da ake kira jibaralin mai sa tsiro yin tsawo, wanda bincikensa ya samo asali daga aikin wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, da ya nuna a 1926 cewa wani naman gwari ne ke sa yabanyar shinkafa ta yi tsawo fiye da kima har ta kwanta. Wanda ya fesa wa tumatir irin wannan zai iya ɗaukar hoton da zai burge kowa, amma karan siriri ne, ba ƙwari. Mai reno gajeren tsiro mai kaurin kara yake nema.

Abin haushin shi ne, abubuwan da ke tsumbure tumatir a ɗaki sanannu ne, kuma gyaransu ba ya buƙatar kwalbar kowa. Fara da taɓa ƙasar. Tumatir ɗan ɗumi ne: irinsa ya fi son ƙasa mai zafin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, a haka yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. In sanyi ya sauko wajen digiri 10, girma ya kusa tsayawa. Tiren da aka ajiye a jikin gilashin taga ko a kan siminti yakan sha sanyin dare ko da ɗakin da ɗumi. Juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga ya yi shunayya, yawanci saiwar ce ta kasa jan fosforas saboda sanyi, ba wai babu shi a ƙasar ba. Ɗaga tiren ka kai shi wuri mai ɗumi, sabon ganye zai fito kore. Wannan launin fa shi macutan suka fi so su kira "cutar saiwa".

Sai ruwa, wanda a ganina ya fi komai kashe yabanya, don mai so ne ke yin ɓarnar. Saiwa tana numfashi. Ƙasar da kullum take jagab ba iska a cikinta, sai tsiro ya yi rawaya ya tsaya, wani ma gindinsa ya tsuke ya ruɓe daidai bakin ƙasa, ka wayi gari ya kife. Wannan kam cuta ce ta gaske, daga ƙwayoyi irin su Pythium da Rhizoctonia, kuma wanda ya riga ya kife ba ruwan da zai tashe shi. Cire shi, ka bar saman ƙasar ya sha iska kafin ka sake ban ruwa, ka tabbatar gindin mazubin da huda. Ɗaga mazubin ka ji: in da nauyi, ba ya jin ƙishi.

Haske kuwa, yabanyar ɗaki tana son awa 14 zuwa 16 a rana, abin da taga ba ta cika bayarwa ba. Shi ya sa take zama doguwa, fara-fara, tana karkata wajen gilashi. Nan ma an ɗana tarko, domin mutanen nan sukan haɗa da fitila. A kwali an rubuta wat 1000, a jikin fitilar ko na'urar jona ta kuma ka ga abin da take ja ko kusa da haka bai kai ba. Karanta ƙananan rubutun, su ne gaskiya. Doguwar fitila fara ta talaka ma tana yi, in an sauko da ita kusa, kamar santimita 5 zuwa 10 daga kan ganye, ana ɗaga ta yayin da tsiron ke tashi.

Taki sai ganye na ainihi ya fito, kuma a tsarma shi sosai, rubu'i ko rabin abin da aka rubuta a jikinsa. In saiwa ta leƙo ta hudar gindi ko ta nannaɗe, a sauya mazubi babba. Daga shuka zuwa dashe mako 6 zuwa 8 ne, ba wanda zai mayar maka da shi kwana goma.

Duk wanda ya zo maka da ruwa, ce masa ya turo hoton takardar da ke nuna abin da ke ciki da lambar rajista, ka bincika lambar a wurin hukumar da ke kula da taki da magungunan gona a ƙasarku. In kwalbar ta riga ta zo hannunka kuma kana son gwadawa, raba tiren biyu, ka zuba wa ɓangare ɗaya kawai, su sha haske ɗaya da ruwa ɗaya. In kuwa ka riga ka zuba har gefen ganye ya fara ƙuna, tsaya haka, ka kwarara ruwa mai tsabta a hankali har ya riƙa fita ta ƙasa, ka bar shi ya tsane, kada ka sake ba shi taki sai sabon ganye ya fito lafiya. Ajiye hotunan hirarku da shaidar biya, ka kai wa bankinka ko manhajar da ka tura kuɗin ta ciki, ka kuma nuna wa masu kula da zauren. Ka haɗa da lambar asusun da ka tura wa kuɗin, don sukan sauya suna da hoto su dawo zaure ɗaya da asusun nan dai.