Sati uku da Lens Studio: na dawo da wasan maciji kan teburina

Wasan maciji na tsohuwar wayar Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, shi ne wasan waya na farko da ya taɓa hana ni barci. Na daɗe ina son in gan shi yana yawo a kan teburi na gaske, ta fasahar AR, wato wadda ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamarar waya take gani. Lens Studio na zaɓa, manhajar da kamfanin Snap ya fitar a 2017, domin kyauta ce kuma duk mai Snapchat zai iya buga abin da ka gina ba tare da ya sauke wata sabuwar manhaja ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin gwaji. Ka haɗa kwamfuta da wayarka sau ɗaya, duk gyaran da ka yi sai ka tura shi ka gani nan take. A daren farko macijina ya fara tafiya. Motsinsa da JavaScript na rubuta, kuma wanda ya taɓa ɗan rubuta lambobin shafin intanet ba zai sha wuya ba. Akwai iyakar girman fayil, megabayit 8, amma wasan da duk jikinsa 'yan murabba'ai ne bai ko kusanci wurin ba.

Inda na daɗe shi ne maki. Manhajar tana da allon gasa a shirye, mai jera makin abokanka ko na duk masu wasa, kuma kana iya sa masa wa'adin da zai goge a fara sabo. Da farko na bar filin ya bi girman wurin da mutum yake. Sai ya zama mai faɗin daɓe yana tara maki hankali kwance, mai ƙaramin teburi kuwa yana cin karo da bango tun bai yi nisa ba. Wannan ba gasa ba ce. Na mayar da filin gida 15 tsaye, gida 15 kwance ga kowa, gudun macijin yana ƙaruwa bayan kowane abinci biyar. Na kuma sa allon ya riƙa gogewa duk mako, don kada gwani ɗaya ya zauna a sama har sauran su yanke ƙauna. Daga nan ne ƙanwata, wadda ba ta ma riski zamanin waccan wayar ba, ta fara aiko min da hoton makinta da tsakar dare.

Wahala ɗaya ta fasahar ce kanta. Kyamara tana neman zane ko tabo da za ta kama, don haka a kan gilashi, ko farin tayil mai sheƙi, ko ɗaki mai duhu, filin yakan zame. Na ƙara saƙo a farkon wasan: a nemi wuri mai haske, a shimfiɗa jarida in ya cancanta.

Mai son wasa babba mai matakai da yawa ya nufi Unity, wata manhajar gina wasanni. Mai ƙaramin wasa irin nawa, wanda ake gamawa cikin minti biyu a sake, Lens Studio ta ishe shi. Yanzu ƙarar nan ta cin abinci nake gyarawa, har yau ba ta yi daidai da wadda ke kunnena ba.