Kifin gwangwani na Titus da sunan da Turawa ke kiran irinsa

Na daɗe ina sayen kifin gwangwani na Titus, wanda ake sarrafawa a Maroko, amma ban taɓa tsayawa na dubi gwangwanin kansa ba sai ranar da ɗiyata ta dawo daga makaranta tana tambayar ma'anar kalmar “tinned”. Kalmar ta fito ne daga sunan kuza a Turance, wato “tin”, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, kuma tana nufin abin da aka shafe da kuza ko abincin da aka rufe a gwangwani. Mutanen Ingila ne suka fi amfani da ita, Amurkawa kuwa “canned” suke cewa. Ma'anonin biyu sun haɗu ne domin gwangwanin farko, wanda wani ɗan kasuwa mai suna Peter Durand ya yi wa rajista a Ingila a 1810, ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza don kada ya yi tsatsa.

Wannan kariyar ita ce abin da mai saye ke biya, kuma a nan Titus bai taɓa ba ni kunya ba. Gwangwanin mai nauyin giram 125 yakan zo da kifi a jere cikin mai, jikinsa bai dagargaje ba, ƙayoyinsa sun yi laushin da ko yaro zai tauna ba tare da fargaba ba. Na fi son sa a dafa-dukan taliya, inda nake soya albasa da attaruhu da man cikin gwangwanin, sannan in zuba kifin a ƙarshe don kada ya narke. A cikin burodi ma yana da daɗi, sai dai a tsiyaye man tukuna. Kuɗinsa ya hau kamar na sauran kayan da ake shigowa da su, shi ya sa a gidanmu ya koma abin marmari.

Inda ake ajiye kayan ma abin lura ne. Na taɓa sayen wani samfurin na daban a wani shago da ke jera gwangwanaye a rana, na tarar murfinsa ya kumbura, gefensa ya yi tsatsa, dole na zubar. Tun daga ranar, ko Titus ɗin ne, sai na juya shi na duba lotsawa da ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, kafin in miƙa kuɗi.