Tafiyar mishan zuwa gidan yara a Yuganda, taurari 3 na ba su kuma ga dalilina

Tun da na dawo wata 'yar'uwa a zumuntar mata take damuna da tambaya wai ko ta yi rajista da ƙungiyar mishan ɗin da ta kai mu, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani in huta. Sunan ƙungiyar kam ba zan kama ba, ba tonon silili na zo yi ba, kuma irinsu suna da yawa tsarin duk kusan ɗaya ne, ka biya kuɗinka su haɗa ku rukuni su kai ku gidan yara sati biyu ku yi hidima ku dawo.

Wajen tsari gaskiya sun iya aikinsu. Tun kafin tafiya suka turo mana duk abin da za mu tanada, biza ta intanet, katin rigakafin shawara wanda in babu shi kada ma ka fara, maganin zazzabin cizon sauro da sauransu. Mun sauka Entebbe cikin dare direba na tsaye da kwali a hannu yana jiranmu, washegari muka ratsa Kampala muka nufi wajen Jinja inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Victoria. Masauki tsaf, addu'ar safe ƙarfe 6 ba a makara, shugaban tafiyar mutum ne mai haƙuri sosai don mu 11 ne kowa da halinsa. Nan ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne wasiƙar fasto kawai suka nema a wajena. Ba takardar shaida daga 'yan sanda, ba wanda ya tambaye ni ko na taɓa aiki da yara. Ni malamar firamare ce fa, a makaranta ba ka isa ka bar baƙo ya shigo aji ya ɗauki yaro ba, amma can kwana ɗaya da saukarmu har an miƙa mana jarirai a hannu. Lokacin daɗi na ji, sai daga baya na ce to da a ce wani mai mugun nufi ne ya biya kuɗin nan fa?

Akwai wani yaro, bai wuce shekara 4 ba, motarmu na tsayawa ya sheƙo a guje ya rungume ƙafata yana Anti Anti, ni kuwa har da ƙwalla na ce Ubangiji ne ya haɗa jininmu. Kwana uku ina tinƙaho da wannan, sai ga wani rukunin baƙi sun zo ziyarar yini ɗaya, yaron nan ya saki hannuna ya ruga ya rungume wata mata da bai taɓa gani ba, sak yadda ya yi min. A wuyan hannunsa akwai zaren ado kala kala har guda shida, kowanne wata Anti ce ta ɗaura masa ta tafi. Kana ɗaga waya zai gyara tsayuwa ya yi murmushi tun ba ka ce komai ba.

Mai kula da ɗakinsu, wadda kowa ke kira Mama, ita ta zaunar da ni da yamma muna ninke kaya ta ce 'yata ku kuna zuwa ku tafi, ni ake bari da kukan dare. Ta ce duk rukunin da ya tafi sai sun yi kwanaki yaran ba sa cin abinci sosai, wasu su koma fitsarin kwance. Ban samu bakin amsa mata ba.

Ranar Asabar kuma wata tsohuwa ta zo a ƙafa, ashe kakar yaron ce, kuma uwarsa na nan da ranta a ƙauye, kuɗin makaranta ne ya gagara aka kawo shi. Kai jama'a. A takardar da ƙungiyar ta ba mu marayu aka rubuta, da sunan marayu na roƙi taimako a ikilisiya mutane suka ba ni baiko. Da na dawo na zauna na yi karatu sai na ga ashe ba sabon abu ba ne, ƙungiyar agajin yara ta Save the Children ta fitar da rahoto tun 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ke kawo yawancinsu. Ostareliya a 2018 ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu don jawo kuɗin baƙi a matsayin bautar zamani, Majalisar Ɗinkin Duniya ma a Disamba 2019 ta yi kira ga ƙasashe su magance illar da irin wannan aikin sa kai ke jawowa, maƙwabciyar Yuganda wato Ruwanda kuwa tun 2012 ta fara mayar da yara cikin iyalai tana rufe gidajen. Duk wannan ba a faɗa mana ko kalma ɗaya ba a taron shiri, waƙoƙin yara aka koya mana da yadda ake gaisuwa da yaren Luganda.

Kar a ce na yi musu rashin adalci, gidan da muka je ba na 'yan damfara ba ne, yaran na ƙoshi suna zuwa makaranta ma'aikatan na tsoron Allah. Kuma an yi aiki na gaske, mazan cikinmu sun gyara tankin ruwa da ya daɗe yana yoyo, wata akanta ta zauna kwana biyar da mai ajiyar kuɗinsu ta daidaita musu littafi, ni ma sati na biyu na roƙa aka mayar da ni wajen malamansu muna tsara darasi tare, nan ne kawai na ji na tsinana wani abu. Yaƙub 1:27 da muke ta karantawa kan kula da marayu da gwauraye ban canza ra'ayi a kai ba, kawai dai da na lissafa kuɗin jirgina na tuna kakar nan sai jikina ya yi sanyi.

Don haka 'yar'uwa in kina da sana'a a hannu, nas ko malama ko akanta, ki je amma ki tambaye su tukunna, suna binciken masu zuwa? suna da shirin mayar da yara wajen danginsu? an hana ɗaukar hoton yara a watsa a Facebook? In suka fara kame kame ki riƙe kuɗinki. Na rubuta musu duk wannan a fom ɗin da suka ba mu bayan tafiya, sun amsa da godiya suka ce za su duba, sai kuma ga saƙon tallan tafiyar baɗi ya shigo min da hoton yaron nan a sama, zaren hannunsa ya zama bakwai, na bakwai ɗin ni na ɗaura masa.