Fastel ɗin Sennelier: me yake ƙara wa mai zanen fuska?

Duk wanda ya saba zana fuska da fensir, hannunsa layi yake nema: zagayen ido, gefen hanci, tsagar leɓe. Fastel mai maiƙo, wato sandar kala da ake gogawa kai tsaye a kan takarda, na kamfanin Sennelier ba ya barin mutum ya yi haka, kuma a wajena wannan ne babban alherinsa. Kan sandar yana da kauri, ga laushi kamar jan-baki, ba a feƙe shi ya yi tsinin kirki. Dole ka daina bin layi ka koma duban inda haske ya sauka a goshi da inda inuwa ta kwanta a ƙarƙashin haɓa. Kamannin mutum kuwa a nan yake.

Laushin nan da gangan aka yi shi. Kamfanin Sakura na Japan ne ya fara fitar da irin wannan kala a shekarun 1920 da sunan Cray-Pas, domin yara 'yan makaranta. Sai a 1949 Henri Sennelier ya haɗa nasa a Paris, bayan mai zane Henri Goetz ya kawo masa buƙatar shahararren mai zane Picasso, wanda yake son abin da zai kama takarda da katako da kwali ba tare da an fara shafa musu komai ba. Haɗin garin launi ne da kaki da man da ba ya bushewa, kuma garin launin ya fi yawa a nan fiye da a na yara. Shi ya sa idan ka goga ja, ja sosai kake gani, ba dusu-dusu ba.

Inda ya fi burge ni shi ne fata. Fatar mutum ba launi ɗaya ba ce, kuma kowane mai zane yana gane haka ranar da ya shafe fuska da ruwan ƙasa zalla ya ga ta mutu. In ina zana mai duhun fata, nakan fara da ruwan ƙasa mai ja-ja a kumatu, in sa shuɗi mai duhu ko shunayya a ramin ido da gefen wuya, sannan in ɗora ruwan goro kaɗan a inda haske ya fara juyawa zuwa inuwa. Ƙyallin da ke kan goshi da karan hanci ba fari tas nake sa masa ba, shuɗi mai haske ko toka-toka ya fi kama da gaskiya, don fata mai sheƙi launin sama take maidowa. Da ɗan yatsa ɗaya, dangwalawa biyu ko uku, launukan sai su shige juna amma kowanne yana nan ana ganinsa. Sai dai a tsaya a nan. Idan aka ci gaba da murzawa komai zai dagule ya zama launi ɗaya mara rai, kuma babu magogin da zai dawo da shi, sai dai a kankare da bakin wuƙar fenti a sake.

Baƙin launin da ke cikinsa ma ina ba da shawarar a ɓoye shi sai an zo ƙwayar ido da ramin hanci. Yana da ƙarfi ƙwarai, ɗigo ɗaya yakan ɓata kunci guda.

Kada a fara zane da fastel ɗin Sennelier. Wannan ita ce maganar da na fi so a riƙe. Saboda taushinsa, nan da nan yake cike ƙofofin takarda, kuma da zarar sun cika, abu mai tauri ba ya hawa kansa, fensirin kala zamewa kawai yake yi yana tona rami. Tsarin da ya yi mini daidai shi ne in tsara fuskar sama-sama da fensirin kala mai ruwan ƙasa, in shimfiɗa inuwa da fastel mai ɗan tauri irin Neopastel na Caran d'Ache, wani lokaci in baje shi da buroshi da ɗan ruwan tsinka fenti in bari ya sha iska, sai a ƙarshe Sennelier ya zo ya yi aikin da ya iya. Gawayi da fensirin baƙi su kan cuɗanya da launuka masu haske su sa su datti, don haka in da su aka yi tsarin farko a kakkaɓe sosai. Takarda kuma a nemi mai launi, mai ɗan kaushi. Canson Mi-Teintes mai toka-toka tana aiki da kyau, amma ni bayanta nake juyawa, don gaban yana da ƙananan ramuka da ke fitowa a fata kamar zanzana.

Gashin ido da gashin gira fa? Kankara ake yi. A sa launi mai duhu a ƙasa, a rufe da mai haske, a ja tsinke a kai, layin zai fito siriri fiye da duk abin da kan sandar zai iya yi. Ƙyallin ido kuma, a gutsuro ɗan mitsitsin fari da bakin wuƙa a ɗora shi yadda yake, kada a taɓa shi kuma.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Zanen ba ya taɓa bushewa gaba ɗaya, ko bayan shekaru yatsa zai iya jan sa, don haka sai an sa shi bayan gilashi da ɗan tazara, ko a rufe shi da takarda mai santsi idan za a ajiye. Feshin kariya da ake yi wa zanen yana rage dangwaluwa amma ba ya maye gurbin gilashi. Lokacin zafi sandunan suna narkewa a hannu, minti kaɗan a firij yana dawo da su. Suna kuma ƙarewa da wuri.

Launukansa sun kai 120, amma mai zanen fuska ba ya buƙatar ko rabinsu. Tunda ana sayar da su ɗai-ɗai, gara a zaɓi ruwan ƙasa kala uku, ja biyu, ruwan ɗorawa, ruwan goro, shuɗi mai duhu da mai haske, shunayya, kore mai duhu da toka-toka. Fari kuwa a ɗauki babbar sandar, shi ne yake fara ƙarewa. Kuma a zana fuskar da girma, aƙalla kamar tafin hannu a buɗe, domin a ƙaramin zane kaurin sandar zai cinye ido da baki.