Ƙurajen ƙafa a Ingila: sai an yi tambaya kafin a ba da magani

Yaya, barka da war haka. Ka ce in aiko da maganin ƙurajen ƙafa irin na nan Ingila. Ai ba guda ɗaya ba ne. Man shafawarsu bai fi namu ba, tambayoyin da mai kemis ke yi kafin ya miƙo shi ne suka bambanta.

Idan tsakanin yatsu ne ke ƙaiƙayi yana saɓulewa, yawanci naman gwari ne da gumi da rufaffen takalmi ke rainonsa. Clotrimazole ko terbinafine za a ba ka ba tare da takardar likita ba, a ce ka riƙa busar da ƙafa kana sauya safa kullum. Ƙazuwa kuwa permethrin ake shafawa a jiki duka, a maimaita bayan kwana 7, kuma kowa a gidan sai ya shafa. Wasu cizon ƙuma ne ko kuɗin cizo, wasu fatarsu ce ba ta jituwa da roba ko gam ɗin takalmi.

Akwai wanda ba mu saba da shi ba, na hunturu. Yatsu su sha sanyi, mutum ya ɗora su kan hita, sai su kumbura da ƙaiƙayi da raɗaɗi. A fatarmu ba ya fitowa ja sosai, duhu yake yi, shi ya sa ake ruɗewa. Yakan warke da kansa cikin mako 2 zuwa 3.

Inda na fi yaba musu shi ne kan man nan mai haɗin magani uku, har da sitiroyid, da ake saya a can gida kai tsaye. A nan mai ƙarfin sitiroyid irin betamethasone sai da takardar likita, don yana kwantar da ƙaiƙayi alhali naman gwarin na yaɗuwa a ɓoye. Amma ganin likitan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, sai haƙuri: ka cika fom, ka tura hoto, ka jira. A wannan fannin gida ya fi sauri. Tun Janairun 2024 dai an yarje wa masu kemis su ba da maganin cizon ƙwaro da ya kwaɓe.

Batun Baba daban ne, tunda yana da ciwon suga. A nan duk shekara ake duba ƙafar masu suga. In ƙurjin ya yi zafi, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, don Allah a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya shafe-shafe.